Ƙwallon Dabino a Bakin Mashiga

Kwana sittin mai ɗori ya yanka min, kuma ya faɗe su ne kamar mai cewa a jira shi ya yi alwala. Cinyata ta dama ce ta karye. Ran wata Alhamis na taso daga kasuwar Maigatari a kan babur, buhun dusa ɗaure a baya, sai wani jaki ya ga dama ya tsallaka titi a daidai lokacin da bai kamata ba. Jakin ya tashi ya kakkaɓe jikinsa ya yi gaba abinsa. Ni kuwa aka kwashe ni a bayan a-kori-kura zuwa wani ƙauye tsakanin Gumel da Gagarawa, gidan wani mai ɗori da ya gaji sana'ar kaka da kakanni.

Ɗakin jinyar na ƙasa ne, rufin kwano, taga ɗaya da ba ta fi faifai ba. Shimfiɗa biyu ce a ciki, kowace a jikin bango. Aka ja ƙafar har na ji muryata ta fita ba da izinina ba, aka shafe ta da man shanu, aka jera karare aka ɗaure, aka tokare ta da ƙananan buhunan yashi hagu da dama. Bazara ce, kwanon yana fara amsa rana tun hantsi. Abin da mutum ya saba yi shi kaɗai a bayan gida, a nan sai ƙanin mai ɗori, wani magidanci marar magana, ya kawo tasa ya kau da kai. Ni malamin firamare ne, na saba in tsaya ina magana mutum sittin suna zaune. Yanzu ga ni rigingine ina ƙirga azarar rufi, guda goma sha ɗaya ce, ta bakwai ta tsage.

A ɗaya shimfiɗar akwai wani tsohon Bafulatani daga rugagen Sule Tankarkar, siriri, gemu fari, wanda sansa ya buge a ƙwauri. Ba Ardo ba ne, ni na naɗa shi, don na tarar ya fi kowa daɗewa a ɗakin. Da ya ji mu Mangawa ne sai fuskarsa ta washe, ya samu abokin wasa har gida.

"Sannu Malam. An ce jaki ne ya kayar da kai? To ai wannan faɗan 'yan'uwa ne, bai kamata bare ya sa baki ba."

Na ce, "Ardo, ni ko banza jakin wani ne ya kayar da ni. Kai san da ka ba dusa da hannunka ne ya gane ka."

Ya yi dariya har ya riƙe ƙafa yana salati. Daga ranar muka ƙulla.

A kwana na huɗu, da na daina kuka a ɓoye na koma tsaki a fili, Ardo ya sa aka sauko da wani gwangwanin madara daga alkuki, aka kuma jawo ƙyauren wani tsohon kabad aka ɗora a kan bulo biyu tsakanin shimfiɗunmu. An zana wa ƙyauren gidaje da ƙusa, kamar na dara amma sun fi yawa. A tsakiya an ja baƙin layi da gawayi, wai rafi ne, an bar mashiga biyu, kowace gida ɗaya tal. A kowane ƙarshe aka ajiye kwalin ashana, wai rijiya. Wasan na ɗakin ne, ba wanda ya san majinyacin da ya ƙirƙiro shi, kowa yana koya wa wanda ya tarar kafin a sallame shi. Sunansa yaƙin kwance. Mai ɗori ya ƙyale shi ne don babu caca a ciki, kuma yana hana mutane mutsu-mutsu.

Ga yadda ake yi. Kowa zai ɗebi gyaɗa goma ya sayi mayaƙa daga gwangwanin. Tsohon batirin tocila gyaɗa huɗu ne, marfin kwalba biyu, ƙwallon dabino ɗaya. Batir yana tafiya gida uku kuma yana kashe duk abin da ya taras. Marfi yana tafiya gida biyu, yana kashe marfi da dabino. Ƙwallon dabino kuwa gida ɗaya yake rarrafawa, ba ya kashe ko ƙuda. In layinka ya zo, kowane mayaƙi naka yana da abu ɗaya da zai yi, ko tafiya ko duka, ba ya haɗa biyu. Wanda ya fara taɓa rijiyar abokinsa ya ci. Da yake dukanmu a ɗaure muke, hannu ba ya kaiwa ko tsakiyar ƙyauren, da kara ake tura mayaƙa, kuma duk wanda ya faɗo ƙasa ya mutu.

Ni da nake koyar da lissafi, ban ɓata lokaci ba. Batir biyu da marfi ɗaya, gyaɗa goma cif. Ardo ya tsinci marfi ɗaya, sannan ya zauna yana zaɓen ƙwallayen dabino har takwas, yana juya kowanne kamar mai sayen akuya.

Na ce, "Ardo, yaƙi za mu yi ko buɗa-baki?"

Ya ce, "Turo dai, Malam."

Na turo. Batirina ya iso bakin mashiga ya tarar da ƙwallon dabino zaune a ciki. Na kashe shi, layi ya wuce. Kafin in shiga, wani ya rarrafo ya zauna a gurbinsa. Na kashe wannan ma, wani ya shigo. Na karkato da ɗaya batirin ya taimaka, kara ya zame, batirin ya kwanta ya gangara ya faɗo a kan tasar Ardo. Ina can ina ta kisa kamar mahauci ran sallah, ban lura ba, marfinsa da wasu dabino biyu sun bi ta ɗaya mashigar sun tsallake. Marfina ya tare ɗaya, ya ɓata layinsa a kansa. Sai ji na yi ƙwas, an taɓa kwalin ashanata.

Haka aka yi washegari, haka aka yi jibi. Na ce karana ne ya lanƙwashe, aka musanya min. Na ce ƙyauren ya karkata ta wajena, aka juya shi. Raina ya riƙa ɓaci da gaske, don ba abin da ya kai a ci mutum da abin da aka tsotse aka tofar. Wata rana na ce masa wannan ai ba jarumta ba ce, na kashe masa shida bai kashe min ko ɗaya ba.

Ya ce, "To ai ba kisa aka aike shi ba, Malam. Zama aka aike shi. Ya zauna kai kuma ka ɓata yininka a kansa."

Na ji maganar, na kuma ɗauki batir biyu washegari. Ina da taurin kai, wannan ba sai an faɗa min ba.

A kwana na ashirin da biyu Baffa ya zo dubiya, ƙanin mahaifina ke nan. Ya zo da lemon zaƙi a leda, ya zauna bakin ƙofa ya yi min sannu ya fi sau goma, ya yi doguwar addu'a muka shafa. Sai da ya miƙe ya sa takalmi ɗaya, sannan ya juyo.

"Af, Malam, batun gonar nan ta Ɗanzomo. Ka ga damina ta kawo jiki, kai kuma ga yadda Allah ya yi da kai. Bai kamata a bar ƙasa haka ba. In ruwa ya sauka ba a shuka ba, sai ƙanenka ya shuka ta bana, kafin ka miƙe."

Ƙanen nawa da yake nufi babban ɗansa ne. Na ce, "To Baffa, Allah ya kai mu." Me zan ce? Mutumin da ke kwance da tasa a gefensa ba ya ja-in-ja da ƙanin ubansa.

Amma na san abin da aka faɗa min. Gonar gadon kakanmu ce, ba a taɓa raba ta a takarda ba. Mahaifina ya noma wannan ɓangaren har ya rasu, ni na ci gaba, abin da ke riƙe da ita ke nan. A wajenmu kuwa, da zarar irin mutum ya shiga ƙasa, ba mai taɓa gonar sai ya girbe. In ya girbe sai ya ce ya zuba taki, a bari ya ci moriyarsa baɗi. A shekara ta uku mutane da kansu za su fara kiran gonar da sunansa. Ina yaro na ga an yi wa gwaggona haka, har ta rasu ana ce mata aro ne. Daga gonar nan gidana yake cin tuwo wata takwas a shekara, albashi kuwa kowa ya san iyakarsa.

Baffa na fita na jawo waya. Na fara kiran maiɗakina, tana Sule Tankarkar tana jego, na ja mata kunne kada maganar nan ta kai ga Inna. Mahaifiyata ta tsufa, guiwa ta hana ta sakat, ido ɗaya ya yi yana, sau ɗaya ta iya zuwa duba ni kuma sai da aka riƙo ta daga kan babur. Na ce a bar tsohuwa ta ji da kanta. Sannan na kira Yaya a Kano, ɗan kasuwa ne, yana da mota da murya. Ya ce, "Auta, kwantar da hankalinka, zan zo da kaina in ga Baffa ido da ido." Na kira wani aminina a Gumel, babban manomi mai ma'aikata. Ya ce, "Malam, in ruwa ya sauka da yamma, da safe mutanena suna gonarka." Ranar na cinye tuwona tas har na taɓa na Ardo.

Sai kwanaki suka fara ja. Yaya ya ce wannan satin, ya ce sati mai zuwa, ya ce kaya sun maƙale masa a hanya. Ta 'yar tagar nan nake leƙen gabas, in ga sama ta yi fari fat in yi hamdala, ni manomi ina murnar ba a yi ruwa ba, abin har kunya yake ba ni. Da na ga ɗan gajimare sai in bi shi da ido har ya wuce. Na san kowace kusurwa ta gonar nan, na san gawon da ke tsakiyarta da inda yashi ya fi zurfi, tafiyar da ba ta kai awa ɗaya a babur ba ce, amma ko juyawa kan haƙarƙarina ba na iyawa sai an taimake ni.

A kwana na talatin da uku iska ta juyo daga gabas da ɗan sanyi. Na ce wa ƙanin mai ɗori ya nemo min mai babur, zan je in dawo. Ya fita ya turo yayansa. Kafin su shigo na ture buhun yashi ɗaya na dogara da guiwar hannu na yunƙura. Abin da na ji a cinyar nan ba zan iya rubuta shi ba. Na koma na kwanta gumi na keto min.

Mai ɗori ya tsaya a kaina, bai ɗaga murya ba. "Malam, ƙafarka ce. In kana so ka tafi, a ɗauke ka. Amma ƙashin nan yanzu ya fara kamawa. In ya goce, ɗaya za ta fi ɗaya tsawo har ka koma ga Allah, kuma kada a dawo min da kai."

Da ya fita, Ardo ya yaye zanen da ke kan ƙwaurinsa, ya nuna min da kara. "Ka taɓa tambayar me ya sa na daɗe a nan? Wannan ɗori na biyu ne. Na farko saura kwana goma sha biyu na tashi, don an ce shanuna sun shiga gonar wani. Da hannu aka sake karya ta, ina ji ina gani." Ya mayar da zanen. Ranar bai tsokane ni ba, ni ma ban tsokane shi ba.

Ruwan ya sauka kwana biyu bayan nan, da la'asar sakaliya, kamar da bakin ƙwarya. Kwanon ya ɗauki ƙara har ba ma jin juna. Ƙamshin ƙasa ya shigo ta taga, ƙamshin da tun ina yaro yake sa ni tsalle, ranar kuwa ji na yi kamar an ɗora min dutse a ƙirji. Gidan mai ɗori ya kaure da murna, ana ta fito da sungumi ana gyara ƙota.

Da sassafe na kira aminina. Waya ta yi ta ringi ba a ɗauka ba. Sai wajen azahar ya ɗaga, yana haki. "Malam, wallahi ka yi haƙuri, kowa ya gudu tasa gonar, ni kaina da 'ya'yana nake shuka. Ka ba ni nan da kwana uku." Ban ma iya yi masa faɗa ba, don laifina ne. Ɗan manomi ne ni, na fi kowa sanin cewa safiyar ruwan fari ba mai shuka gonar wani, ko me za a ba shi. Na sani sarai, na ƙi tunawa ne don maganarsa ta yi min daɗi. Wayar Yaya kuwa a kashe take.

Lissafin ba wuya. Baffa yana da 'ya'ya maza da yawa, yini ɗaya ya ishe su su gama tasu. Safiya ta biyu suna tawa. Da yamma Ardo ya turo min gyaɗata goma da kara, wai in rage zafi. Na sa kara na share ƙyauren gaba ɗaya, batura suka gangara, dabino ya watse har bakin ƙofa. Ya dube ni ya ce, "Ka kore min garke, Bamange." Ƙanin mai ɗori ne ya durƙusa ya tsince su ɗaya bayan ɗaya, ni kuma na juya fuska bango, iyakar tafiyar da zan iya ke nan.

A rana ta uku da hantsi na ji babur ya tsaya a waje, na ji ana cewa a hankali, a hankali. Sai ga Inna a bakin ƙofa, dafe da bango, ƙwaryar fura a ɗaya hannun. Ta zauna a ƙasa daɓas ta miƙe ƙafafu, abin da ba ta yi a gaban baƙo. Na ga duga-duganta sun tsattsage, yashi ya shiga ciki, guiwar hagu ta kumbura ta yi biyun ta dama. Ta gaisa da Ardo, ta tambaye ni jiki, ta ce jaririn yana nan lafiya. Ni na kasa haɗa ido da ita, ina neman yadda zan gaya mata gona ta tafi.

Ta ce, "Geron bakin hanya ya fara tsirowa. Na gabas ne tsuntsaye suka tone, sai an yi ƙari."

Na ce, "Wane gero, Inna?"

"Na gonarka mana. Binne na yi."

Binne shi ne a zuba iri a busasshiyar ƙasa tun kafin ruwa, a bar shi ya jira. Ashe matar Baffa ce ta ɓarar da zancen a gidan suna, tana cewa bana ɗanta zai ƙara gona. Inna ba ta ce da kowa komai ba. Ta sauko da irin da na rataye a rumbu ta sussuke, ta ɗauki sungumin mahaifina. Shuka aikin mutum biyu ne, ɗaya yana sara ɗaya yana zuba iri yana takewa. Ita kaɗai ta yi, ta sare layi ta ajiye sungumi, ta dawo ta bi shi da ƙwarya. Daga an idar da asuba zuwa rana ta yi zafi, safiya shida. Ba ta iya gonar duka ba, ko kusa. Ta bi gefen hanya inda kowa zai gani, ta bi iyakarmu da Baffa layi huɗu, ta zagayo ta gabas. Tsakiyar tana nan fayau.

Na ce, "To da suka zo fa?"

"Sun zo jiya da safe, su uku da sungumansu. Suka tarar da ni a ƙarƙashin gawo da ƙwaryata, don ƙafar ta ƙi tashi. Babban ya ce, Inna sannu da aiki. Na ce yawwa, sannunku, ku bi a hankali ta nan akwai iri a ƙasa. Suka ɗan tsaya, suka ce a gaishe ka, suka juya." Ta gyara ɗankwalinta. "Na zauna har azahar dai, ko za su dawo."

Kunya ta rufe ni, irin wadda ban taɓa ji ba ko ranar da aka fara kawo min tasa. Na kira Kano, na kira Gumel, na kwana goma sha uku ina lissafin wanda zai tsaya min, ko sau ɗaya ban sa ta a lissafin ba. Na buɗe baki na fara cewa ai don kada hankalinta ya tashi ne, ta katse ni, ba da faɗa ba.

"Da ka gaya min tun ranar da Baffanka ya faɗa, Auta, da na kai tsakiya."

Ardo, wanda bai taɓa barin magana ta faɗi ƙasa ba, ya kafa wa rufi ido.

Ba ta daɗe ba, mai babur yana jira, kuma tana so ta je ta yi ƙarin na gabas tun ƙasa da danshi. Na ce ta bari, aminina zai turo mutane. Ta ce to, irin to ɗin da na san ma'anarta. Ta dafa ƙasa ta yunƙura, guiwar ta ƙi, ta koma ta zauna. Ta sake yunƙurawa, ta sake komawa. Tsakanina da ita bai fi taku uku ba. Na miƙa hannu bai kai ba, na ture buhun yashi, ta daka min tsawa in kwanta. Abin da ke kusa da ni karan tura mayaƙa ne kawai, shi na miƙa mata. Ta dube shi ta yi 'yar dariya, ta ce wannan ai ko kaza ba zai tayar ba. Ta ja jiki zuwa bakin ƙofa, ta kama dogarin ƙyaure da hannu biyu, ta miƙe a karo na uku.

Na ji tashin babur ɗin, na bi ƙararsa har ta ɓace. Saura kwana ashirin da biyu a kwance ni.